Waye ya tsara kiɗan tallar Airtel ɗin nan?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Akwai wani kiɗa mai sanyi da Airtel suka riƙa sawa a tallarsu ta talabijin bayan sun karɓi Zain a 2010. Ni kunnena yana jiyo ƙamshin Indiya a ciki. Waye ya tsara shi? Har yau idan ina guga sai na ji ina rera shi.

Maman Husna: Kunnenka bai yaudare ka ba. A. R. Rahman ne, mai kiɗan finafinan Indiya. Tun 2002 ya yi wa kamfanin a can ƙasarsu. Mu da muka tashi da kallon Indiya, dole ya shige mu.

Baba Tela: Yaro, ai layin nan ya sha suna: Econet, Vmobile, Celtel, Zain. Ni dai tallar MTN ta 2013 da ɗan wasan barkwanci Saka ya yi ce ta tsaya min, da aka fara sauya kamfani ba tare da canza lamba ba. Ya fito cikin koren kaya, launin Etisalat da yake yi wa talla a da, fitila ta juya, sai ga shi cikin ruwan ɗorawar MTN yana tiƙar rawa. Yaran shagona sun daɗe suna kwaikwayonsa.

Ɗan Fagge: Allah ya saka, Maman Husna. Baba, wannan ma na tuna ta!