Windows 98 ta shagona tana kashe kanta tana tashi, tsufa ne ko wuta?

Mai Sitika, Nima:
Assalamu alaikum. Ina yanka sitika a Nima, cikin Accra, irin rubutun da ake mannawa a gilashin trotro (ƙananan motocin haya) da allon shaguna. Injin yankan gadonsa na yi wurin maigidana, kuma ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai wata tsohuwar Pentium III mai Windows 98 SE, domin ta faffaɗan bakin firinta na da ake haɗa su, manhajar kuma tana da ɗan makullinta da ake cusawa a wurin.

Damuwata biyu ce. Da safe garau take, amma zuwa la'asar sai 'yan hotunan allo su koma baƙi, in je buɗe fayil ta ce babu wuri, dole in kashe in kunna. Wannan na saba. Ta biyun tun shigowar damina ta fara: ana tsakiyar yanka sai allo ya ɗauke ɗif, ta yi "tit", ta tashi daga farko, ScanDisk ya hau binciken faifan ajiya. Jiya wuƙar ta tsaya a tsakiyar "Sai Haƙuri", leda ta lalace, direban yana tsaye a kaina. Yaron shagona ya ƙara mata RAM zuwa megabait 768, abin bai sake zani ba. Ina mafita?

Baban Gyara, Circle:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Cuta biyu ka haɗa, maganinsu ba ɗaya ba.

Ta la'asar ɗin halin Windows 98 ne, da shi aka haife ta. Akwai wasu 'yan rumbuna, USER da GDI, da take ajiye lissafin tagogi da maɓallai da abin da ake zanawa a allo, kuma wani sashensu kilobait 64 ne kacal, gadon zamanin Windows 3.1. Kowace manhaja ka buɗe sai ta ɗiba, wasu ko ka rufe su ba sa mayarwa duka. Kamar randa ce da kowa ke ɗiba ba mai zubawa. Ko nawa ka ƙara RAM, wannan wurin ba ya faɗaɗa. Ka kunna Resource Meter, mai nuna abin da ya rage a rumbunan, ka riƙa dubawa, in ka ga ya yi ƙasa sosai ka ajiye aikinka. Ni dai shawarata, in za ka fita azahar ka sake kunna ta, ka dawo ka tarar da ita sabuwa.

Ta biyun kuwa ban yarda Windows ce ba. Ita 98 in za ta faɗi takan daskare ko ta nuna shuɗin allo da rubutu. Ɗaukewa ɗif ba sallama, galibi kayan cikin kwamfutar ne. Cire wuta, buɗe akwatin, haska tocila kan kafasitocin da ke kewaye da furosesa, 'yan gwangwanayen nan masu tsaga a ka. Lafiyayye kansa a shafe yake. In ya kumbura, ko ka ga busasshen abu ruwan ƙasa a kansa, ka kama ɓarawonka. Allunan cikin kwamfuta (motherboard) da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wannan. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar kuma kada ka buɗe shi da kanka, yana riƙe caji ko an zare waya.

Ɗalibin Aboabo:
Baba ya gama magana, sai ɗan ƙari. Yaya, RAM ɗin nan ma kan iya jawo tata rigimar. Windows 98 takan rikice in an wuce megabait 512. Ko ka cire ƙarin, ko ka buɗe system.ini, ƙarƙashin sashen vcache ka rubuta MaxFileCache=524288. Sannan ka bar Memtest86 ya kwana yana gwaji, don RAM ɗin gwanjo ba abin yarda ba ne.

Abin dariya: Windows 95 da 98 suna da wani aibi da ke sa su daskare bayan kwana 49.7 a kunne, saboda agogon da ke ƙirga milisakan ya cika ya juyo sifili. Sai a 1999 labarin ya bazu. Masu barkwanci suka ce ai ba wadda ta taɓa kai wannan kwanakin ba ta faɗi ba. A Ghana kuwa dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ma ba zai bari ba.

Hajiya Mai Kafe, Mamobi:
Ɗana, na riƙe kafen intanet tun ana layin buɗe Yahoo. Da muka koma Windows 2000, daga baya XP, hankalina ya kwanta, domin su in manhaja ɗaya ta faɗi ba ta jan sauran, tsarinsu na ajiye fayil, NTFS, kuma ba ya birkicewa da ɗaukewar wuta kamar FAT32 na 98. Sai dai XP ɗin ma ta ba mu wuya a 2003, lokacin ƙwayar cutar Blaster, ta ƙirga maka sakan 60 ta mutu a idonka. Ka gwada 2000 a wani faifan daban, ka bar na 98 yadda yake. Kafin komai ka kwafe faifan nan, ya tsufa. Kuma UPS fa, na'urar nan mai batiri da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta? Akwai mai walda kusa da kai da ke janye wuta?

Mai Sitika, Nima:
Allah Ya saka muku. Hajiya, an taɓa gwada XP, manhajar ta ƙi ganin makullin, shi ya sa nake nan. Mai walda kuwa katanga ce tsakaninmu, UPS ɗina kuma batirinsa ya daɗe da mutuwa. Na buɗe akwatin: kafasito uku sun kumbura, ɗaya har ya yi tsatsa a ka, fankar furosesa ta toshe da ƙurar hunturun bara. Na cire ƙarin RAM ɗin. Baba, gobe in sha Allah zan kawo maka allon cikin kwamfutar a Circle. In zo da akwatin wutar ma, ko allon kaɗai ya isa?

Baban Gyara, Circle:
Taho da duka, har da igiyar firintar. Ka zo kafin goma.