Maigidana ba ya rabon kuɗi sai dai ya ba da jari, rowa ce ko hikima?

ɗan_kara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni haske abin nan ya daɗe yana cina. Shekarata shida ina wurin wani Alhaji mai harkar albasa, muna sayowa ƙauyukan Goronyo da Wurno mu loda tirela zuwa kudu. Mutumin nan ko sisi bai gada ba, da bakinshi yake faɗi da dako ya fara a kasuwar Kara, buhu bisa kai, ya koma ɗan kamasho har Allah ya buɗa mishi. Kullum karatunshi gare mu shi ne wajen saye ake cin riba ba wajen sayarwa ba, kuma duk wanda ya taɓa uwar kuɗi ya ɗinka shadda to ya fara haƙa ramin kanshi. Har yau wayarshi da kyauro take ɗaure.

Inda matsalar take, ba ya bai wa maroƙa, ba ya zuwa taron da za a kira sunanshi a lasifika a ce ya ba da kaza, ranar Juma'a ma ba a layi ƙofar gidanshi. Ya ce kuɗin da ka raba ɗari biyar biyar kafin la'asar sun zama tuwo. Amma duk yaron da ya yi mishi shekara bakwai da amana yana sallamarshi da jari, na ga mutum huɗu da idona. To satin da ya wuce makwabcina ya zo da takardar asibiti za a yi wa matarshi tiyata, ni na shigar da shi, Alhaji ya duba takardar ya ninke ya zaro abin da ko kuɗin magani bai kai ba ya ce Allah ya ba ta lafiya. Wallahi har gida ban iya kallon fuskar mutumin ba. Shin wannan tsari ne ko rowa ce aka yi wa rawani?

Mai_Fata:
Wa alaikumus salam. Ɗana ka riƙe maigidanka da kyau, irinsu sun yi ƙaranci. Mu da munka taso cikin harkar fata mun ga masu kuɗɗi da yawa da maroƙa sunka wasa, kowace Juma'a gida cike, yau ɗiyansu ko runfa ba su da ita cikin kasuwa. Kai ka tuna Abdurrahman ɗan Aufu, ya zo Madina ba shi da komi, ɗan uwanshi na Ansaru ya ce mu raba dukiyata biyu, ya ce Allah ya yi maka albarka, ka nuna min kasuwa kawai. Shi ma Alhassan Ɗantata da fataucin goro Gwanja ya taso, da ya koma gyaɗa kuɗi yake ba mutane su shiga ƙauye su sayo mishi, ta nan gidaje da dama sunka tashi. Ya rasu tun 1955 amma har gobe ana cin albarkar gidan. Mutum huɗun da ka ce, lissafa matansu da ɗiyansu da yaran da su ma za su ɗauka.

'Yar_Mabera:
Baba Mai Fata ka yi haƙuri amma ni ban yarda ba sam. Yaron da ya yi shekara bakwai yana bin mota cikin sanyin hunturu yana kwana kan buhunan albasa idonshi na hawaye, in an ba shi jari ai guminshi ne aka biya, wannan ba kyauta ba ce haƙƙi ne, don na san yawancin yaran kasuwa ba albashi suke ɗauka ba sai ɗan kuɗin abinci da na sabulu. To ina taimakon yake? Kuma matar da ke kwance ana jiran a shiga da ita tiyata jari za ta ci? Matsalar wasu da suka tashi da ƙarfinsu kenan, gani suke duk wanda bai samu ba lalaci ne, sun manta akwai waɗanda suka yi dakon tare da su har bayansu ya ranƙwafe ba su samu komai ba.

Malamin_zaure:
Ku raba abin gida biyu tukuna. Zakka dole ce, ba ruwanta da ra'ayin Alhaji. In dukiya ta kai nisabi, dinari 20 wato wajen giram 85 na zinari, shekara ta zagayo, sai a fitar da ɗaya cikin arba'in. A mazhabar Malikiyya ɗan kasuwa mai juya kaya kullum irin maigidanka zai ware wata guda a shekara ya yi wa hajarshi ƙima ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya fitar. Masu karɓa kashi takwas ne, suna cikin Suratut Tauba aya ta 60. Zai iya dunƙule ta ya bai wa talaka guda ta zame mishi jari, ko ya kai Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Abin da bai halatta ba shi ne ya biya ladan aikin yaronshi da ita. Shi kuma taimako mai ɗorewa ai muna da shi tun fil azal, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Amma ceton rai in ya taso ba a jira shekara ta zagayo.

ɗan_boko_Gawon_Nama:
Abin ya tuna min Andrew Carnegie na Amurka, shi ma yaron masaƙa ne ya zama sarkin ƙarfe, ra'ayinshi sak na Alhajinka, bai yarda da miƙa wa mabarata ba, ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500. Amma a 1892 ma'aikatan masana'antarshi sun yi yajin aiki kan albashi har aka rasa rayuka. Don haka Hajiya 'Yar Mabera tana da gaskiya ta wani ɓangaren, kafin a yaba kyautar mutum a fara tambayar yaranshi nawa yake biyansu.

ɗan_kara:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Malam zakka kam yana fitarwa duk watan Muharram, ni ke kai ambulan wasu gidajen da dare kuma ya hana mu faɗin sunaye. Makwabcina kuwa masallacin unguwa aka yi karo-karo, an yi aikin shekaranjiya tana samun sauƙi. Anti 'Yar Mabera maganarki ta taɓa ni don gaskiya ba albashi muke ɗauka ba. Na so in yi mishi maganar makwabcin nan amma saura wata goma sha ɗaya tawa shekara bakwan ta cika, kun gane dai.

'Yar_Mabera:
Mun gane ƙanena. Allah ya kai mu, in ka buɗe runfarka zan zo da takardar asibiti in gani.