Rap ɗin 'yan asalin ƙasa: gwagwarmaya ce ko kwaikwayo?

Malam Sani: Jama'a, wani ɗalibina ya rubuta cewa rap ɗin da 'yan asalin Amurka da Ostareliya da New Zealand ke yi faɗa ne da mulkin mallaka da neman 'yancin kai. Ni kam ban yarda ba. A unguwar Bronx ta New York aka haifi kiɗan nan a 1973. Ta yaya mai rigar aro zai ce al'adarsa yake karewa?

Hajiya Bilki: Malam, su wa suka haife shi a Bronx ɗin? Baƙaƙen fata ne, jikokin bayi, da 'yan Karibiyan. Wanda aka danne ne ya ara wa wanda aka danne.

Nura: Ku duba Māori, 'yan asalin New Zealand. A 1988 ƙungiyar Upper Hutt Posse ta fitar da E Tū, wato "tashi tsaye". A ciki suna kiran sunayen jarumansu, har da Hōne Heke, wanda ya sha sare sandar tutar Ingila a Kororāreka a 1844 da 1845. Shekara ɗaya kacal kafin waƙar aka mayar da Māori harshen hukuma.

Malam Sani: To na ji. Amma me waƙa ta hana? A Standing Rock, yankin 'yan asalin Amurka da aka yi zanga-zangar hana shimfiɗa bututun mai, a 2016 mawaƙa sun yi ta yi, an yi zaman dirshan wata da watanni, duk da haka a 2017 mai ya fara gudana a bututun.

Hajiya Bilki: Wannan gaskiya ne, kuma abin na ci min rai. Sai dai ka tuna abin da aka so kashewa tun farko. A Kanada ana raba yara da iyayensu, a kai su makarantun kwana, a aske musu gashi, a doke su in sun yi yarensu. Sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Yau jikan wannan yaron ya hau dandali da kitsonsa har gadon baya, yana jera baitoci da harshen da aka doki kakansa a kansa. Wallahi na kalli bidiyon Supaman, mawaƙin rap ɗan ƙabilar Apsáalooke ta Amurka, cikin kayan rawar kakanninsa, sai da na yi hawaye.

Nura: Akwai ma wadda ta motsa abu. A.B. Original, mawaƙa 'yan asalin Ostareliya, sun yi waƙar January 26 a 2016, kan ranar bikin ƙasarsu da ke tuna saukar Turawa a 1788. A 2017 gidan rediyon triple j ya sanar da janye shirinsa na ƙidayar fitattun waƙoƙin shekara daga wannan rana.

Malam Sani: Gidan rediyo ya janye, gwamnati ba ta janye ba, Nura. Kuma yawancin baitocin da Turanci suke.

Hajiya Bilki: Da wane harshe aka bar su, Malam?

Malam Sani: Wannan kuma kin kama ni. Amma kalmar "'yancin kai" ta yi wa waƙa nauyi, sai ranar da ƙasa ta dawo hannunsu. Nura, turo min ta Māori ɗin in saurara da kunnena kafin in ba yaron nan maki.