Shafuka suna jinkirin buɗewa a kwamfutata, wane saiti ya kamata in taɓa?

Malamin firamare, unguwar Birni

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Kwamfutata ta cinya tsohuwa ce, ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, giga 4, kuma da intanet ɗin wayata nake haɗa ta da dare idan zan shirya darasin washegari. Tun bayan hutun da ya wuce, shafi guda kan ɗauki kusan minti ɗaya yana fari fat kafin rubutu ya bayyana, a Chrome da Firefox duka. Wani abokin aikina ya ce in shiga about:config a Firefox in kunna network.http.pipelining, wani kuma ya ce in riƙa goge ma'ajiyar burauza kowace safiya. Ban taɓa kome ba tukuna, domin ina tsoron kada garin neman gira in rasa ido.

Mai gyaran kwamfuta, Zango

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa saiti, fara gano inda ciwon yake. Buɗe shafin nan a waya da kwamfutar a lokaci guda. Idan wayar ma tana jan ƙafa, to matsalar ta rezo ce, musamman bayan sallar isha'i da kowa ke kan layi, kuma sai ka gwada bayan asuba ka ga bambanci. Idan kuwa wayar ta buɗe nan take kwamfutar tana nishi, laifin yana cikin injin.

Shawarar abokinka ta farko ta tsufa. An cire wannan saitin daga Firefox tun siga ta 54 a shekarar 2017, saboda HTTP/2, tsarin ɗauko shafuka da aka tabbatar a 2015, yana ɗauko abubuwa da yawa ta hanyar haɗi guda ba tare da an umurce shi ba. Ko ka rubuta shi da hannunka, babu abin da zai canza.

Abin da nake yawan tararwa a shagona shi ne ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza. A makon jiya an kawo mini wata kwamfuta mai ɗauke da guda bakwai, mai ita bai san lokacin da biyar suka shiga ba, kuma kowace tana leƙa duk shafin da ya buɗe kafin ta bari ya fito. A Chrome, danna Shift da Esc tare, za ka ga jerin abin da ke cin ram da yawan da kowanne ya ci. A Firefox kuma rubuta about:processes. Cire duk wadda ba ka amfani da ita. Daga nan ka kunna mai tattalin ƙwaƙwalwa da ke sashen ingancin aiki na saitin Chrome, wanda ke kwantar da shafukan da ka bari a buɗe ba ka duba ba. Giga 4 ba za su ɗauki shafuka ashirin ba.

Ɗalibar Jami'ar André Salifou

Malam, ni abin da ya fi taimaka mini shi ne rage nauyin shafin kansa. Rubutun da kake nema ɗan kaɗan ne, hotuna da tallace-tallace da bidiyon da ke kunna kansa su ne suke cinye layin. Na sa uBlock Origin, mai toshe tallace-tallace, a Firefox, kuma yana aiki har a wayar Android, inda Chrome ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji. Idan rubutu kawai kake buƙata, a Chrome na kwamfuta ana iya hana hotuna fitowa daga saitin shafuka. Kada ka ɓata lokaci wajen neman tsohon maɓallin rage cin data na Chrome a waya, an janye shi a 2022. Burauzar Opera Mini har yanzu tana matse shafi kafin ta turo maka, sai dai ba na cike takardun rajista da ita, domin wasu shafukan sukan fito a karye.

Tsohon mai gidan intanet, Sabon Gari

Ɗan'uwa, ban yarda da goge ma'ajiya kullum ba. Amfanin ma'ajiyar shi ne burauza ta ajiye tambari da hotuna da sauran kayan shafin da ka saba ziyarta, don kada ta sake sauke su gobe. Idan ka share ta kowace safiya, ka tilasta mata ta koma farko, ka ƙara jinkiri, forfe ɗinka kuma ya ƙare da wuri. Ana goge ta ne idan wani shafi ya rikice.

Tun da ta waya kake haɗawa, akwai abin da ba a faɗa ba. Windows na iya ɗaukar haɗin wayarka tamkar intanet marar iyaka, sai ta shiga sauke sabuntawa a ɓoye alhali kana jiran shafi. Shiga saitin wifi ɗin ka ayyana shi a matsayin haɗi mai awo, wato mai ƙayyadaddiyar data. Haka kuma ka kashe saitin Chrome da ke sauke shafuka tun kafin ka danna su, domin a layi mai rauni gasa yake yi da shafin da ke gabanka. Game da canza DNS, wato tsarin da ke nemo adireshin shafi daga sunansa, zuwa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 da ake ta yaɗawa, yana iya rage ɗan jiran farko ne kawai, ba ya ƙara wa layi ƙarfi.

Malamin firamare, unguwar Birni

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi gwajin da maigyara ya ce, wayar ta riga kwamfutar nesa ba kusa ba. Na tarar da manhajoji huɗu na cire uku, na kuma ayyana haɗin a matsayin mai awo, sai na ga ashe wata sabuntawa ce ta maƙale tana ta sake sauka. Daren jiya shafin ya buɗe kafin in gama gyara zama. Sauran tambayata ga 'yar'uwa ɗaliba: idan na hana hotuna, akwai hanyar da zan keɓe shafin da nake ɗauko taswirori don darasin labarin ƙasa?