Tabon da ke cin ciyawar filin golf a lokacin marka: wane magani ya dace?

Mai Renon Ciyawa, Kura:
Assalamu alaikum. Ina renon ciyawar ƙiri-ƙiri a wani fili da ke bakin hanyar ruwa a ƙauyenmu, ina sayar wa masu gidaje da masu filayen wasa, kuma akwai ɓangaren da nake aske shi ƙasa sosai domin wani mai saye da yake shimfiɗa ta a kewayen ramin da ake jefa ƙwallon golf. Tun da marka ta kankama a watan Agusta, wannan ɓangaren ya fara fitar da tabo zagayayye kamar faifai, tsakiyarsa ruwan ƙasa, bakinsa kuma ya yi duhu, yana faɗaɗa a hankali. Na yi feshin mancozeb irin wanda muke yi wa tumatir, na ƙara yuriya domin ta farfaɗo, amma abin sai gaba yake yi. Ina roƙon masana su taimaka mini da shawara.

Malamin Gona, Bunkure:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar magani, ya kamata a tabbatar cewa fumfuna ce, domin gara da gwazarma ma suna busar da ciyawa. Ka je wurin da asuba kafin rana ta shanye raɓa, ka kama ciyawar bakin tabon ka ja. Idan ta taso gaba ɗaya babu saiwa, ƙwaro ne yake ci daga ƙasa, kuma maganin fumfuna ba zai yi masa komai ba. Idan kuwa saiwar tana nan da ƙarfinta, amma ganyen ya zare cikin sauƙi, gindinsa ya ruɓe ya yi baƙi, to alamar fumfunar da ake kira Rhizoctonia ce, wadda take bunƙasa idan dare ya yi ɗumi fiye da digiri 20 kuma ganye ya kwana a jiƙe na kimanin awa 10 ko fiye.

Yuriyar da ka ƙara ita ce ta fi damuna, domin tana fitar da sabon ganye mai taushi da ruwa-ruwa, wanda shi ne abin da cutar ta fi saurin kamawa. Ka dakatar da ita har sai marka ta wuce. Shi kuwa mancozeb ba ya shiga jikin tsiro, a bayan ganye yake tsayawa yana hana cuta kamawa, saboda haka ruwan sama yana wanke shi, aski ma yana tafiya da shi, kuma dole a maimaita shi bayan kwana 7 zuwa 14. Tun da cutar ta riga ta shiga, kana buƙatar wanda yake ratsa ganye, kamar azoxystrobin ko propiconazole, waɗanda sukan riƙe na kwana 14 zuwa 28.

Tsohon Mai Kula da Fili:
Na yarda da bayanin Malam, amma ina so in ja hankalin ɗan'uwana kan propiconazole, domin yakan hana ƙiri-ƙiri girma, har ya sa ta yi shara-shara idan an fesa shi cikin zafi, musamman wadda ake aske wa zuwa milimita 3 ko 4 kamar yadda ake yi a kewayen rami. Ciyawar da aka aske haka ba ta da ganyen da za ta jure wahala da shi.

Abu na biyu kuma, kada ka maƙale wa magani guda don ka ga ya yi aiki. Irin su azoxystrobin wuri ɗaya suke kai wa hari a jikin fumfuna, saboda haka idan aka yi ta maimaita su, 'yan ƙalilan ɗin da suka tsira su ne za su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya zama ruwa. Wannan ya faru a filayen golf na Amurka, inda wani maganin da ake kira benomyl ya daina kashe wata fumfunar ciyawa tun a shekarun 1970. Canza sunan da ke jikin kwalba ba shi ne canza magani ba, domin kamfanoni da yawa sinadari ɗaya suke zubawa. Ka karanta sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan haruffa, ka duba lambar NAFDAC, sannan ka riƙa karɓa-karɓa tsakaninsa da mancozeb, wanda fumfuna ba ta cika sabawa da shi ba. A ganina ma, rabin aikin yana wajen ruwa: ka daina ban-ruwan yamma, kuma kowace safiya mutum biyu su ja igiya a kan ciyawar domin raɓa ta zube.

Mai Renon Ciyawa, Kura:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, wani mai shago ya ce in sayi Ridomil Gold, wai ya fi duka ƙarfi. Shin zai maye gurbin waɗannan?

Tsohon Mai Kula da Fili:
Ba zai maye ba, ɗana. Sinadarin metalaxyl-M da ke cikinsa an yi shi ne domin irin su Pythium, wata cuta ce dabam wadda take sa ciyawa ta yi yauƙi ta kwanta, da fari-farin zare a kanta da safe, kuma takan bi inda ruwa yake gangara. Ba ya aiki a kan Rhizoctonia, sai dai mancozeb da akan haɗa masa, wanda kana da shi a hannu. Ka bi ma'aunin da ke jikin takarda ba tare da ƙari ba, ka sa safar hannu da takunkumi, kuma kada ka wanke famfon feshi a hanyar ruwa, domin azoxystrobin guba ne ga kifi, mutanen da ke can inda ruwan yake gangarawa kuma da shi suke shayar da dabbobi. Tabon da ya riga ya bushe ba zai koma kore da feshi ba, sai ciyawar ta sake yaɗo ta rufe shi, don haka kada ka yanka wa mai saye daga wannan ɓangaren tukuna.