Maigida ya ce an koma tiransifa, shago bai shirya ba: ya kuka yi?

Akantan Sito: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da lissafin wani kamfanin sarin kayan masarufi a Kano. Yanzu maigidanmu ya ce za mu fara kai wa masu shaguna kaya har ƙofa a unguwanni. Kafin mu afka, ina son jin waɗanda suka taɓa ganin an yanke shawara a sama amma aikin ƙasa yana nan yadda yake. Misalin da kowa ya ɗanɗana shi ne canjin kuɗi. Babban Banki ya sanar da sauya fasalin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu a Oktoban 2022, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace. Kowane mai kasuwa ya ce an koma tiransifa. To bayan an faɗa, me ya faru a cikin shagon?

Ɗan Singa: Wa alaikumus salam. Mu dokoki biyu ne suka yi karo. Alhaji ya ce a karɓi tiransifa, ya kuma ce kada kwali ɗaya ya fita sai an ga kuɗi sun shiga. Alat kuwa wayarsa kaɗai yake shiga, shi kuma ba ya zama: yana masallaci, yana wajen ɗaurin aure, yana hanyar Legas. Kwastoma ya biya, 'yan dako sun ɗora kaya, mai adaidaita sahu yana ta hon, mu muna ta kiran waya ba a ɗauka. Wasu sun bar mu a kan haka, suka koma layin gaba.

Kowa ya san maganin, a buɗe wa shago asusunsa daban da na'urar POS. Alhaji ya daɗe yana ja, don ba ya son yara su ga abin da ke shigowa kullum. Daga baya aka daidaita: waya ɗaya tana zama a shago hannun babban yaro, da yamma a tura komai asusun Alhaji.

Mai Atamfa a Kwari: Ɗan uwa, naku mai sauƙi ne. A Kwari dillali ke kawo baƙo, kuma da can la'adarsa daga cikin kuɗin da aka ƙirga ake zarowa a miƙa masa nan take, ba a ma rubutawa. Da aka koma tiransifa, kuɗi suna tafiya asusu gaba ɗaya, babu wanda ya tuna da shi. Ka ce masa ya dawo gobe, gobe sai ya kai baƙonsa wani shagon. Wasu dillalan ma suka fara ba baƙo lambar asusunsu, su cire nasu, su turo saura, mu kuma littafi ya ƙi daidaita da rasit. Sai da muka buɗe wa la'ada gurbi a littafi, muka riƙa tura wa dillali tasa kafin baƙon ya bar layi.

Hajiya Mai Abinci: Ku kuna maganar karɓar kuɗi, ni fitar da su ne ya kusa rufe min kasuwa. Masu cin abinci duk sun koma turowa, madalla. Amma tumatur da attaruhu a 'Yan Kaba, mai itace, ɗan garuwa, kowa tsaba yake so. Kuɗina suna waya, tukunya babu komai. Na koma sayen kuɗi da kuɗi a wajen masu POS, cajin ya cinye ribar. Abin da ya cece ni shi ne sauya wasu daga cikin waɗanda nake saye a hannunsu. Na samu mahauci da mai kayan miya masu karɓar tiransifa, har yau tare muke.

Mai Hatsi, Dawanau: Hajiya ta faɗi gaskiya. Kamfanin da nake yi wa saye ya tsara cika sito da masara da waken suya kafin farashi ya tashi. An ware kuɗin, an kama sito, an yi magana da masu mota. Amma a kasuwar ƙauye manomi ya kawo buhu biyu a amalanke, ba shi da asusu, wajen ma sabis sai ka hau tudu. Wane alat za ka nuna masa? Mutanen ofis suna ta tambaya me ya sa ba mu cika adadin ba, a cikinsu babu wanda ya taɓa zuwa cin kasuwar. Mun riƙa tura wa wani mai shago a garin, shi ya biya manoma da cinikinsa, amma ɗan kaɗan yake iya ɗauka. Ko da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar, sai da aka ɗan jima kafin kuɗi su wadata, lokacin kuwa farashin da aka yi lissafi da shi ya wuce.

Bamaraɗe: Mu masu zuwa daga Nijar da sefa muke shigowa, mu canza a Wapa. Da yawanmu ba mu da asusun Najeriya, ɗan canji ke tura wa mai kaya. Sai sunan da ya fito a alat ya bambanta da na rasit, akanta ya ce bai ga kuɗina ba. Yanzu shagon da nake saye suna sa a rubuta lambar rasit a bayanin tiransifar. Tun daga nan ban sake tsayawa jira ba.

Malama Mai Odit: Malam Akanta, bari in dawo kan tambayarka. A wani kamfanin da na duba wa lissafi, shugabanni sun ce an daina ba da bashi, amma kamashon 'yan talla ana lissafa shi da yawan kayan da suka fitar. Bashi bai ragu ba ko kaɗan, sai da aka mayar da kamasho kan kuɗin da suka shigo. Ma'aikaci abin da ake biyansa a kai yake bi.

Kafin motarku ta fita, ku zauna da mai sito da direba, ba da Alhaji kaɗai ba. Yaushe za a cire kaya daga littafin sito, lokacin lodi ko bayan mai shago ya sa hannu? Kwalin da ya fashe a hanya na wa? Direba zai karɓi tsaba? Kuɗin mai yana cikin farashi? Ka kuma ware gurbi ga naira 50 ɗin nan da ake cirewa a tiransifar da ta kai dubu 10, wadda tun Disambar 2024 ta shafi har asusun OPay da Moniepoint. Ƙaramar aba ce, amma takan hana lissafin wata rufewa.

Ɗan Singa: Malama, a yi haƙuri, idan takardu suka yi yawa kasuwa tsayawa take. Mai shagon unguwa ba zai cike fom ba, da amana muke tafiya.

Malama Mai Odit: Ban ce fom ba, Malam. Rasit mai kwafi biyu ya isa, ɗaya wajensa, ɗaya ya dawo sito.

Akantan Sito: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ba Alhaji shawarar mu fara da unguwa ɗaya da mota ɗaya. Maganar direba ce ban warware ba: akwai wanda ya ba direbansa POS yana yawo da ita? Da sunan wa kuka buɗe asusun?