Abin da muka tattauna kan kakar wasa a ƙaramin rukuni

Zancen ya yi tsawo kan abin da kulob ɗin ƙwallon ƙafa ke buƙata don ya kai ƙarshen kaka lafiya, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda kakar doguwa ce, tana cin jiki. A rukuni na biyu na Ingila kulob 24 ne, kowanne wasa 46, wani mako Asabar da Talata. Kulob ɗin da ba shi da ƙwararrun 'yan benci, kafin Fabrairu raunuka sun gama da shi.

2. Albashi a kan lokaci. A nan aka fi zafafa, kuma ni ma ina nan: ɗan wasan da ke bin bashin wata uku ba zai sa ƙafa inda ake karaya ba. An kawo misalin Derby County, da aka cire wa maki 21 a kakar 2021/22 saboda matsalar kuɗi, ta faɗi zuwa rukunin ƙasa.

3. A riƙe wasannin gida, a nemo kunnen doki a waje.

Inda aka rabu: korar koci. Wasu sun ce in an sha kashi sau biyar a jere, a sallame shi. Wasu suka ce a bar shi har a buɗe kasuwar 'yan wasa ta Janairu.